Saƙon Malam Lawal Na Uku

Shafi na 19

Salamu alaikum. Masu turo min "ina sauran" tun da safe, ku nemi wuri ku zauna, yau za a buɗe ta.

Wasila ta kife sifikar a kan tabarma, a tsakiyar zauren marigayi mahaifinta da ke Paki. Ta jera kayan aikin da ta ɗauko daga shagonta na gyaran waya a Ikara: sukudireba uku, ƙarfen narka dalma, siraran wayoyi huɗu masu launi daban-daban, da tsohuwar kwamfutarta wadda aka ɗaure murfinta da salatif.

Mutum uku ne ke kallonta. Baffa Yahya, ƙanin mahaifinta, yana kan kujerar roba yana jan carbi. Baba Ilisha, maƙwabcinsu, ya zauna a ƙasa kusa da ƙofar waje, hularsa a kan gwiwa, taɓon fadama bai gama bushewa a ƙafarsa ba. Mahaifiyarta, Inna Zulai, tana tsaye a ƙofar shiga cikin gida, rabin jikinta a bayan labule.

Sifikar ba ta fi kwanon sha girma ba. Yayan Wasila, Zakiyyu, shi ya aiko wa mahaifinsu Malam Lawal da ita daga ƙasar da yake karatu, lokacin da idon tsohon ya daina ganin rubutun waya. Maɓalli ɗaya gare ta a ka. Ka danna, ka yi magana, ka saki, saƙon ya tafi wayar Zakiyyu. In babu data ko sabis, sai ta riƙe saƙon a cikinta har a samu. A makon da Malam ya rasu datarsa ta ƙare. Aka yi jana'iza, aka rufe ɗakinsa da duk abin da ke ciki kamar yadda aka saba, ba a taɓa ko allura ba sai da Inna ta fita takaba aka kuma gama girbi. Da aka buɗe bayan wata shida, layinsa ya mutu. Kamfanin da ya ƙera sifikar kuma ya ce sai da lambar da zai tura wa wannan layin za a shiga. Zakiyyu ya rubuta musu sau uku. Amsarsu ɗaya ce: ba don Najeriya suka yi wannan samfurin ba, kuma sun rufe asusun mai ita, da zarar ta taɓa intanet za ta goge duk abin da ke cikinta.

In an kunna ta, muryar wata Baturiya ce ke cewa akwai saƙo uku da ba su tafi ba. Daga nan sai jar fitila.

Gobe Juma'a bayan masallaci malamai za su zo rabon gado. Cikin abin da Baffa Yahya ya lissafa har da gonar da Baba Ilisha ke nomawa a fadama shekara talatin da ɗaya, wadda yanzu haka rakensa ke tsaye a cikinta ya kusa sara. Baffa ya ce aro ce. Baba Ilisha ya ce kyauta ce. Babu takarda, dattawa biyun da aka yi a gabansu sun rasu. Hujjar Baffa kuma mai ƙarfi ce a idon mutanen gari: duk shekara Ilisha na kawo wa Malam damin raken farko, ai kowa ya san mai aron gona ne ke kai wa mai gona irin wannan. Shi Ilisha godiya yake yi, bai san yana tara shaida a kan kansa ba. Abin da ya rage masa shi ne wata Laraba, kwana huɗu kafin rasuwar, da ya ce Malam ya kira shi zauren nan ya faɗa wa sifikar gaskiyar magana.

Shekara talatin da ɗaya, jama'a. Gida mai ɗan jami'a da 'yar kwalejin kimiyya, coci da masallaci duk da masu biro a aljihu, amma ba a samu mutum ɗaya da ya ce a rubuta layi biyu ba, wai kada a ce ba a yarda da juna ba. To ga inda kunyar ta kawo mu.

Baffa ya fara da cewa shi bai ga amfanin wannan wahala ba. Ya ce ranar kasuwa da kansa ya kai sifikar Makarfi wurin mai babban shagon nan, yaron ya ce aikin minti goma ne, a yi mata fulashin ta dawo sabuwa, Wasila ce ta bi shi a kan babur ta ƙwace.

"Fulashin wanke ciki ne, Baffa," in ji ta. "Da ya yi, da yanzu babu muryar kowa a ciki."

"Ya fi ki shago."

"Ya fi ni shago."

Ba ta ƙara ba. Ni zan ƙara mata. Rabin masu gyaranmu magani ɗaya suka iya. Waya ta ƙi kawo wuta, fulashin. Ta yi zafi, fulashin. Hotunan auren mutane nawa da karatun yara nawa suka tafi a haka, mai abu ya ce Allah ya ƙaddara, ya biya, har ya yi godiya.

Wasila ta sa farce ta ɗaye robar da ke zagaye da gindin sifikar. Ƙusoshi uku suka bayyana. Ta huɗun tana ƙarƙashin wata farar takarda mai sheƙi. Baffa ya sunkuyo ya tambayi abin da aka rubuta a jiki. Ta fassara masa: wanda ya yaga wannan, kamfani ya cire hannunsa.

"To kin ji. Masu abu sun ce kada a buɗe."

"Su waye masu abu, Baffa?"

"Waɗanda suka yi ta."

"Yaya Zakiyyu ya biya kuɗinta cif. Baba ya yi shekara biyu yana goge mata ƙura da hannun rigarsa. In tasu ce, me take yi a cikin lissafin gado?"

Baffa ya gyara zama. Ya juya maganar ta wata fuska, ya ce tun da dukiyar magada ce, ba ta da ikon lalata ta kafin a raba. Wasila ta ce in ta lalace a sa ta a kasonta. Ya ce ba a yi wa manya irin wannan amsa. Baba Ilisha ya fara cewa shi dai ba ya son a ɓata zumunci saboda shi, in ta kama ya sare rakensa ya bar gonar, zai bari.

Daga bayan labule Inna ta ce, "Buɗe, Wasila."

Ba ta ɗaga murya ba.

Wasila ta huda takardar. Ƙusa ta huɗun ba irin sauran ba ce, kanta kamar tauraro ne da ɗan tsinke a tsakiya, an yi ta ne don kada sukudireban kasuwa ya kama ta. Tun da ta ga hotonta a intanet, kwana biyu ta yi tana goge bakin nata sukudireban da zarto har ya dace. Ta murɗa. Ta ji ta motsa.

Da murfin ya rabu, abin da ta fara yi shi ne ta sa hantsaki ta cire wata waya siririya kamar gashi mai ɗan kai ruwan zinariya. Ta ce wannan ce eriya, yanzu ko an kawo intanet ɗin duniya zauren nan kamfani ba zai iya yi mata magana ba.

Sai ta juyo da fanel ɗin wajen hasken ƙofa.

Baba Ilisha ya matso da gwiwa. Ya daɗe yana kallo. Koren allo ne da bai kai tafin hannu ba, an ja masa layuka na zinariya sirara, ɗaruruwa, suna tafiya tare, su karkata tare, ba wanda ya hau wani. Ya ce shi tun da yake bai taɓa ganin kunyoyin da suka miƙe haka ba. Ya tambaya ko da hannu aka ja su. Ta ce da haske ake ja. Ya maimaita kalmar a hankali, ya girgiza kai.

Ta nuna masa wani ɗan baƙin abu mai kusurwa huɗu, bai kai ƙwayar wake ba.

"A nan saƙonnin suke."

"A cikin wannan?"

"A ciki."

"Muryar Malam gaba ɗaya? Da tarinsa da dariyarsa?"

"In Allah ya yarda."

Ya ja da baya kaɗan, kamar mutumin da ya ga ya matsa wa babba. Har Baffa sai da ya miƙo wuya.

Wasila ta yi musu bayani a taƙaice. A gefen allon akwai ɗigo huɗu na zinariya a jere. Ƙofa ce da ma'aikatan masana'anta ke bi su gwada na'ura kafin a rufe ta, in sun gama sai su bar ta a haka, don ba su zaci wani zai leƙo ba. Amma an leƙo. Wasu mutane a ƙasashe daban-daban, waɗanda ba su taɓa ganin juna ba, da kamfanin ya kulle musu nasu sifikun sai suka zauna suka bi layukan nan ɗaya bayan ɗaya, suka rubuta yadda ake shiga, suka haɗa manhajar da za ta tafiyar da ita ba tare da neman izinin kowa ba, suka ajiye a fili kyauta. Kwana tara ta yi tana karanta abin da suka rubuta, da ƙamus a gefe.

Baffa ya ce ba a yin abu kyauta a duniyar nan, akwai dai abin da suke nema.

Ta ce, "Haushi suka ji, Baffa. Irin wanda nake ji."

Ta jona ƙarfen dalma a batirin sola. Rana tana tsaka, wuta ta isa. Ɗigo na farko ya kama baƙar waya lafiya. Na biyu ma haka. Na ukun ne matsala, don yana dab da ɗan baƙin abin nan. Mutanen sun rubuta da manyan baƙaƙe cewa in zafi ya wuce daƙiƙa uku a wurin, abin da ke ciki ya tafi, ba mai dawo da shi.

Ta ɗaga ƙarfen, ta mayar. Ta goge tafinta a zane.

Carbin Baffa ya tsaya. Leɓen Baba Ilisha na motsi da tasa addu'ar, Inna na salati ƙasa-ƙasa a bayan labule.

Wasila ta riƙe numfashi ta sauke bakin ƙarfen. Ɗaya. Biyu. Dalmar ta narke ta zauna kamar ɗigon raɓa. Ta ɗauke hannu.

Na huɗun bai ba ta wahala ba.

Ta haɗa wayoyin da kwamfuta, ta sa wa sifikar wuta. Baƙin allon kwamfutar ya cika da farin rubutu yana gudu sama, layi bayan layi, da saurin da ido ba ya kamawa. Ta ce musu wannan sifikar ce ke magana da kanta yayin da take farkawa, tana duba gaɓoɓinta ɗaya bayan ɗaya. Kullum haka take yi, shekara biyu a ɗakin Malam, ba wanda ya taɓa ji. A cikin gudun nan akwai daƙiƙa biyu da take tsayawa ta saurara ko ma'aikacin masana'anta na nan. In an danna maɓalli a lokacin, za ta tsaya. In an kuskure sau uku a jere, ƙofar za ta rufe kanta har abada.

Ta danna. Rubutun ya wuce abinsa. Jar fitila ta kama, Baturiyar ta ce akwai saƙo uku.

"Matar nan ta fi ki taurin kai," in ji Baffa. Har da 'yar dariya.

Ta cire wuta, ta mayar. Wannan karon ta danna tun kafin wurin ya zo, ta yi ta dannawa. Ya sake wucewa.

Saura ɗaya.

Baba Ilisha ya ce ta bari haka nan, kada a rasa muryar gaba ɗaya saboda gona, ko ba a ji ba ai an san tana ciki. Wasila ta zuba wa wayoyin ido. Tana jin sifikar, ga rubutu yana zuwa. Sifikar ce ba ta jin ta. Ta bi koriyar waya da yatsa daga allon har inda ta shiga ɗan abin da ke haɗa ta da kwamfuta, sai ta ga bakinta ya zame, yana taɓawa ne kawai ba ya kamawa. Ta tura shi har sai da ya yi ƙara. Ta ja, bai fito ba.

"Bismillahi," in ji ta.

Wuta. Rubutu ya taso da gudu. Ta danna sau ɗaya.

Ya tsaya cak.

A ƙasan allon wani ɗan farin layi yana ƙiftawa. Ba jar fitila, ba Baturiya. Ana jin tattabarun Inna a kan rufi.

Baba Ilisha ya tambaya da raɗa ko ta mutu ne.

"Jira take," in ji Wasila. "Jira take in gaya mata abin da za ta yi."

Ku tsaya ku ji wannan da kyau. Abin da aka ƙera a wata nahiya, aka kulle da ƙusa ta musamman, aka rubuta wa ɗanmu wasiƙa sau uku cewa ba don irinmu aka yi shi ba, ga shi a kan tabarmar kaba a Paki ya tsaya yana jiran umarnin 'yar Malam Lawal. Ba tsafi, ba a je Kano ba. Karatu ne na kwana tara da sukudireban da aka goge da zarto.

Ta ciro takardar da ta kwafe umarnin a kai, ta rubuta su harafi bayan harafi, tana duba kowane sau biyu. Ta gaya wa sifikar ta daina neman kamfani in ta farka. Ta gaya mata ta tashi da manhajar da ke kan wani memori da ta saƙala mata. Ta danna na ƙarshe.

Fitilar ta kawo fara. Ba wanda ya taɓa ganin ta da wannan launin tun rasuwar.

Sunaye uku suka fito a allon, kowane da ranarsa. Litinin. Laraba. Laraba. Kafin ta taɓa ko ɗaya sai da ta kwafe su a kwamfuta, ta sake kwafewa a wayarta. Sannan ta dubi labule.

"Inna, in kunna?"

"Kunna."

Aka ji ƙarar maɓalli. Aka ji tari, irin busasshen tarin nan mai hawa biyu.

"Zakiyyu. Kana jina? Abin nan naka yau bai yi ƙarar da ya saba ba, amma dai bari in faɗa."

Inna ta saki labulen. Ta sulale ta zauna a bakin ƙofa, a gaban maza, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ba irin muryar waya ba ce mai tsini. Sifikar ta fito da ita da kaurinta, da numfashin da ke tsakanin kalmomi, har Baffa ya waiga wajen buzun da ke jingine a kusurwa. Malam bai faɗi wani abin kirki ba a saƙon. Ya ce an yi ruwa ranar Asabar. Ya ce tumatir ya faɗi a kasuwa. Ya tambaya ko har yanzu ɗan nasa burodi yake ci safe da yamma kamar marar gata. Can daga nesa aka ji wata mace tana cewa kunun zai huce, shi kuma ya ce, "Kin ji ta, gwamnan gidan nan, bari in je kafin a kore ni daga aiki."

Inna ta yi dariya, dariyar ta karye a tsakiya. Ta rufe fuska da mayafi.

Wasila ta daɗe kafin ta iya ganin allon sosai. Ta danna na biyu. Muryar Malam ce ta fara fitowa, sannan ta Baba Ilisha.

"Matso mana, Fasto, ba ta cizo."

"Liman, ni abin da ke magana ba baki tsoronsa nake."

"Kai da kake tsayawa gaban lasifika duk Lahadi kana kashe wa mutane kunne da waƙa."

"Wannan ai da bakina nake yi."

Baba Ilisha na zaune yana jin kansa yana dariya da mamaci. Hawaye na bin gemunsa bai share ba. Shi ba fasto ba ne, Malam ma bai taɓa limanci ba, sunayen da suka sa wa juna ne tun suna da ƙarfi.

Sai muryar Malam ta canza, ta koma irin wadda yake raba faɗa da ita.

"Zakiyyu, ka riƙe wannan. Gonar da Ilisha ke nomawa, daga tsamiya zuwa bakin rafi, tasa ce. Ba aro ba ce, ba jingina ba ce. Raken da yake kawo min ba na gona ba ne, na hana shi ya ƙi, ni kuma ina son rake. Ko bayan raina kada wanda ya sa mata igiyar awo. Ka ji ko? To. Tashi ka tafi, Fasto, ka cika min zaure da warin taki."

Saƙon ya ƙare.

Baba Ilisha ya ɗaga hannu biyu sama. Sannan ya juya wajen Wasila ya ce Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata abin da ta yi masa.

Baffa ya yi gyaran murya. Ya ce to, an ji. Ya ce ko da yake a zamanin nan ana haɗa muryar mutum da kwamfuta, shi ba zai ja ba, zai gaya wa malamai a cire gonar daga lissafi. Ya faɗa da sauri, har Wasila ta ɗago ta dube shi, don ta shirya wa gardamar awa biyu. Ya miƙe yana kakkaɓe riga, ya ce a rufe abin haka nan, Ilisha ya samu abin da ya zo nema, na ukun maganar iyali ce.

Baba Ilisha ya ce haka ne, gaskiya ne. Ya sa hularsa ya fara neman takalmi.

Wasila na kallon allon. Saƙo na biyu an yi shi ƙarfe goma sha ɗaya da minti biyar na safe. Na ukun, sha ɗaya da minti goma sha shida. Ranar ɗaya.

"Baffa, ya aka yi ka san maganar iyali ce?"

"Me kuma zai gaya wa ɗansa?"

"Ba a kunna ba tukuna."

"Na ce ki rufe."

Inna ta sauke mayafin daga fuskarta. Ta ce ta tuna ranar. Bayan fitar Ilisha, Malam ya ce ta ja masa ƙofar zaure kada kowa ya shigo. Da ya fito bai ci abincin rana ba, kuma bai yarda sun haɗa ido ba har la'asar. Ta ce wata shida tana tambayar kanta abin da ya faɗa a ciki.

"Zauna, Ilisha," in ji ta. "Wanda aka yi maganar gonarsa minti goma kafin nan ba baƙo ba ne. Kunna, Wasila."

Baffa bai zauna ba. Bai kuma fita ba.

Numfashin Malam ne ya fara fitowa daga sifikar.

"Zakiyyu. Ilisha ya tafi. Yanzun nan na yi magana a gabansa, kuma ban faɗi daidai ba. Jikin nan nawa na san inda ya nufa, ba zan kai wannan maganar kabari ba."

Tari.

"Na bar shi yana ganin ni na ba shi. Mutum ba ya ba da abin da ba nasa ba. Shekarar yunwa, ina da shekara goma sha biyar, ubansa Nomau ya shigo zauren nan da hantsi. Ya ce wa Babanmu, ga fadamata amana, zan kai iyali kudu, in ƙasa ta yi sanyi zan dawo. Ba daga tsamiya zuwa rafi ba. Daga tsamiya har dutsen kan hanya. Duk inda nake nomawa, duk inda Yahya ke nomawa. Fadamar gaba ɗaya."

Takalmin da ke hannun Baba Ilisha ya faɗi.

"Nomau bai dawo ba. Ilisha yana ɗan shekara huɗu aka tafi da shi, bai san komai ba. Bayan shekara ashirin ya zo, uwarsa kafin ta rasu ta ce masa ya nemi gidanmu a Paki, ba ta ƙara masa da komai ba. Lokacin Babanmu ya rasu. Muka yanka masa kashi ɗaya cikin biyar. Ya durƙusa a gabana, Zakiyyu. Ya durƙusa a kan ƙasar ubansa yana yi min godiya, ni kuma na ce ba komai."

Muryar ta tsaya. Aka ji yana jan hanci.

"Yahya ya sani. Shi ya riƙe ɗaya bakin igiyar. Ka kunna masa wannan a gaban mutane, don in a ɓoye ne zai rinjaye ka kamar yadda ya rinjaye ni. Ku mayar. Allah ya yafe mana."

Ƙarar maɓalli. Farar fitilar ta ci gaba da haskawa a cikin buɗaɗɗen cikin sifikar, wayoyi huɗu na lilo a jikinta.

Wasila ta ji kamar zauren ya yi mata ƙanƙanta. Kuɗin makarantarta, kwamfutar da ke gabanta, jirgin da ya kai Zakiyyu, duk daga fadamar nan suka fito, kuma da hannunta ta buɗe.

Baba Ilisha ya dafa bango ya miƙe. Shekara talatin da ɗaya bai taɓa kiran Baffa da sunansa tsirara ba, kullum Alhaji ne.

"Yahya."

Baffa na kallon ɗan baƙin abin nan da bai kai ƙwayar wake ba.

"Yahya, gaskiya ne?"

Carbin ya zame daga hannunsa ya faɗi kan tabarma. Ya koma kan kujerar a hankali, kamar wanda aka ƙara wa shekara ashirin.

"Gaskiya ne," in ji shi. "Amma Yaya ya rage wani abu."

Ya ɗago jajayen idanu.

"Wasila, rufe ƙofar waje."

Ta tashi ta rufe. Ya jira har sai da ya ji sakata ta shiga.

"Ilisha, ba yunwa ce ta fitar da ubanka daga Paki ba."